Bizar aure ta Amurka da takardar lamunin da ake sa wa hannu ido rufe

Tun da gwamnatin Amurka ta ƙara tsaurara dokokin shiga ƙasarta a watan Disamban 2025, ta rufe wa 'yan Nijar ƙofa, ta taƙaita wa 'yan Najeriya, wata tsohuwar magana ta dawo da ƙarfinta a bakin masu neman bizar aure. Wai yanzu sai mai asusu mai ƙiba. Ana cewa in ka loda miliyoyi a banki, ko da na aro ne, ka fitar da takardar asusu mai kauri, jami'in biza zai saki fuska. Har akwai masu ba da hayar kuɗi na 'yan kwanaki: a zuba maka, ka buga takarda, ka mayar musu da abinsu haɗe da la'ada.

Rufe ƙofa ba yau aka fara ba. A ƙarshen Janairun 2020 an dakatar da bai wa 'yan Najeriya bizar zama, aka ɗage takunkumin a Janairun 2021, ranar da Joe Biden ya hau mulki. Abin da bai gusa ba duk tsawon wannan kai da kawo shi ne fom ɗin lamuni da ake kira I-864, wanda ya samo asali daga wata doka ta 1996, zamanin Bill Clinton. Ko yaushe aka kira mutum ganawa, wannan takarda na nan tana jiransa, kuma kuɗin haya ba ya yi mata magani.

Hanyar dai sananniya ce. Ɗan Amurka ya shigar wa matarsa, ko 'yar Amurka ta shigar wa mijinta, da fom I-130 a hukumar shige da fice ta USCIS. In an amince, fayil ya koma cibiyar biza ta NVC da ke Portsmouth a jihar New Hampshire, a biya dala 325 na biza da dala 120 na duba takardar lamuni, a ɗora komai ta intanet, sannan a jira kiran ganawa, wanda ga 'yan Najeriya a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka na Legas ake yi. Wanda nake magana da shi a nan shi ne mai fasfon Amurka da ke zaune a Kano ko Abuja ko Yamai tare da iyalinsa. Suna da yawa fiye da yadda ake zato. Wasu an haife su a can lokacin da iyayensu ke karatu, aka dawo da su a goye. Wasu sun zauna shekaru sun samu takardar zama ɗan ƙasa, suka dawo gida suka yi aure.

Wanda ya san Kantin Kwari ya san yadda ake tsaya wa yaro. Dila ba zai ba sabon yaro kaya bashi ba sai wani babba ya ce, "Ba shi, in bai biya ba ni zan biya." Dilan ba ruwansa da kuɗin da yaron ya cusa a aljihu da safe don a gani. Wanda ya tsaya yake dubawa: ina shagonsa, me yake samu, in an neme shi za a same shi? Fom I-864 wannan tsayawar ce, gwamnatin Amurka kuma ita ce dila. Mai sa hannu ya ɗauki alƙawari, wanda kotu ke iya tilasta shi cikawa, cewa wanda ya kawo ba zai zama nauyi a kan baitulmalin ƙasar ba. Saboda haka tambayoyin nan uku na dila su ne dai ake yi masa, kuma mai zama a ƙasar waje a kan dukkansu yake tuntuɓe.

Na farko, shago. Doka ta ce dole mai lamuni ya kasance matsuguninsa na asali a Amurka yake. Fasfo kaɗai bai wadatar ba. An yi sassauci ga mai yi wa gwamnatin Amurka aiki a waje, ko wasu kamfanoninta, ko wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa da Amurka ke ciki. Sauran jama'a kuwa sai su nuna ko dai zaman waje na ɗan lokaci ne, ko kuma sun ɗaura ɗamarar komawa: takardar kama haya, tayin aiki, asusun banki a can, rajistar zaɓe, neman wa yara makaranta. Kuma dole ya riga matar shiga Amurka, ko su shiga tare. Ba a yarda ya tura ta ya zauna a Kano yana kula da kasuwa ba. Wannan sharaɗi babu ɗan'uwan da zai iya cika wa mutum shi, komai arzikinsa.

Na biyu, abin da ake samu. Ana so kuɗin shigar mai lamuni a shekara ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talaucin da gwamnatin tarayya ke fitarwa kowace shekara. A 2025, gida mai mutum biyu yana buƙatar dala 26,437 a yawancin jihohi, kuma kowane ƙarin kai yana ɗaga adadin. A lissafin kawunan nan ana saka 'ya'yan da ke ƙarƙashin mutum ko da ba za su bi shi tafiyar ba, abin da mai 'ya'ya daga auren fari ya kamata ya lura da shi. To a nan gizo ke saƙar. Albashin da ake ƙirgawa shi ne wanda zai ci gaba da shigowa bayan an koma. Likita mai albashi mai tsoka a Abuja, ranar da ya ajiye aiki ya hau jirgi, albashin ya tsaya, don haka a idon jami'in biza babu shi. Mai yi wa kamfanin Amurka aiki ta intanet, da takardar da ke cewa aikin zai ɗore, ya fi shi tudun dafawa ko da kuɗinsa bai kai na likitan ba.

Idan albashi ya gaza, ana iya cike giɓin da dukiya, kuma ina jin daga nan jita-jitar asusu mai ƙiba ta samo tushe. Ga ɗan ƙasa mai kawo matarsa ko mijinta, dukiyar sai ta ninka giɓin sau uku. Wanda ba shi da albashin da za a ƙirga ko kaɗan, shi da matarsa kawai, yana buƙatar dala 79,311 a lissafin 2025, wato kusan naira miliyan 119 in an yi canji a kan 1,500. Dukiyar matar ma tana shiga lissafi. Amma sai an nuna ta mutum ce, sai ta zama wadda za a iya mayarwa tsabar kuɗi cikin shekara guda, kuma a iya fitar da kuɗin daga ƙasar. Gonar gado da ba a raba ba, filin da babu takardar mallaka sai shaidar mai unguwa, shanun da ke hannun makiyayi, duk dukiya ce ta gaske a wurinmu, amma da wuya su tsallake wannan siratsi. Kuɗin da ya faɗo asusu dare ɗaya kuwa, tambaya yake jawowa. In jami'i ya tabbatar an shirya masa ƙarya a kan abin da ya shafi hukuncinsa, dokar ta tanadi haramcin shiga ƙasar na har abada. Rashin cikar takardu jinkiri kawai yake kawowa, a ba ka takardar sashe na 221(g) ka je ka cike. Wannan bambanci ne ejan ɗin da ya karɓi la'adarsa ba zai zauna ya yi wa mutum bayaninsa ba.

Na uku, in an neme shi za a same shi, wato batun haraji, wanda ya fi kama mutane ba shiri. Amurka na bin 'yan ƙasarta da takardar haraji duk inda suke a duniya. Fom I-864 yana neman shaidar haraji ta shekarar da ta gabata daga hukumar IRS, ko rubutaccen bayanin dalilin da ya sa doka ba ta wajabta wa mutum cikewa ba. "Ai ban sani ba" ba ya cikin dalilan. Mai aure da ke cike tasa takardar shi kaɗai, da zarar abin da ya samu a shekara ya kai dala 5, ta hau kansa. Sau da yawa ba a biyan ko sisi, domin akwai rangwamen albashin ƙasar waje da ya kai dala 130,000 a 2025, amma cikewar dole ce. Wanda ya yi shekaru bai cike ba bisa rashin sani, IRS na da tsarin gyara: takardun haraji na shekara uku, da rahoton asusun waje na shekara shida, rahoton da ke wajaba idan jimillar kuɗin mutum a bankunan waje ta haura dala 10,000 ko da rana ɗaya ce cikin shekara. Aikin watanni ne, ba na makon ganawa ba.

Mafi yawan masu zama a waje daga ƙarshe mataimakin lamuni suke nema, wato wani ɗan ƙasa ko mai katin zaman dindindin, ɗan shekara 18 ko fiye, mazaunin Amurka, wanda albashinsa shi kaɗai ya isa ɗaukar gidansa da baƙon da za a kawo. Ba a haɗa rabin nasa da rabin na wanda ya shigar da fom I-130. Shi ma wanda ya shigar ɗin sai ya cike nasa fom ɗin lamuni ko da sifili zai rubuta.

A nan ne abin ya fi damuna. Sai a buga wa kawu waya a Bronx ko Greensboro, inda 'yan'uwanmu na Ghana da Nijar suka yi yawa, a ce, "Kawu, sa hannu kawai ake so, ba ko kwabo." Kawu ya ji kunyar zumunci ya sa. Babu wanda ya gaya masa cewa in baƙon ya karɓi wasu nau'o'in tallafin gwamnati na marasa ƙarfi, hukumar da ta bayar na iya bin sa ya biya. Babu wanda ya gaya masa baƙon da kansa na da ikon kai shi kotu neman ciyarwa. Alƙawarin ba ya sauka sai baƙon ya zama ɗan ƙasa, ko ya tara zango 40 na aiki, wato kimanin shekara goma, ko ya bar Amurka ya rasa izinin zamansa, ko ɗaya daga cikinsu ya rasu.

Saki ba ya cikin jerin. A wurinmu in idda ta cika, ciyar da mace ta sauka daga wuyan tsohon miji. A wannan takarda aure na iya mutuwa lamuni yana raye, kuma matar da ta kawo mijinta ita ma haka ta ɗaure kanta ga tsohon miji. An rubuta wannan ɓaro-ɓaro a shafin da ake sa hannu, cikin Turancin lauyoyi da ko ɗan boko sai ya maimaita. Hukumomin da ke karɓar kuɗin biza daga hannun mutanenmu da sun so da sun fassara wannan shafi zuwa Hausa. Kafin su yi, haƙƙi ne a kan mai neman alfarma ya karanta wa kawu shi layi bayan layi, ya kuma sanar da shi cewa ko gida ya sauya, doka ta ba shi kwana 30 ya shaida wa hukuma ta fom I-865.