Kafin ka zuba kuɗi a na'urar CD

Wani ya tambaye ni wace na'urar CD mai tsada zai saya. To, duk faifan CD tsari ɗaya ne tun 1982: bit 16, 44.1 kHz. Bambancin sauti yawanci yana wajen DAC, sashen da ke mayar da lambobi su zama kiɗa. In amfilifayarka na da DAC mai kyau, sayi mai karanta faifai kawai, ragowar kuɗin ka ƙara a sifika. Kana da faifan SACD? Duba Marantz ko Denon. Sannan ka tambaya ko ana samun idon lesa na canji. Ni tsohuwar tawa da idon ya mutu, wallahi ado ta zama a falo.