Kafin a ce batirin laftof ya mutu

Da zarar laftof ta daina ɗaukar caji, hukuncin da ake fara yankewa shi ne batir ya mutu. Mai kwamfutar ne ke fara faɗa, kuma sau da yawa mai gyara ba ya musa masa, domin sauya batir aiki ne mai sauƙi da ke kawo kuɗi nan take. Wannan gaggawar tana jawo asara, kuma dalilin a fili yake ga duk wanda ya bi hanyar da wuta ke bi. Tana tashi daga soket ɗin bango, ta shiga caja, ta ratsa waya, ta isa bakin da ake jonawa, ta shiga ramin caji na jikin kwamfutar, ta bi ta wani ɓangare na babban allon ciki da ke sarrafa caji, sannan ta kai ga batir. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai iya tare ta, kuma alamar da mutum zai gani ɗaya ce: an jona, amma caji ba ya ƙaruwa. Batir ne na ƙarshe a layin, yana kuma cikin masu tsada, saboda haka shi ya kamata a tuhuma a ƙarshe.

Caja ce ke shan wahalar da ta fi ta kowa. Wutar gida a Najeriya tana zuwa ne da ƙarfin bolt 230, ita kuma laftof tana buƙatar kusan bolt 19 zuwa 20. Yawancin na Dell da HP 19.5 suke sha, na Lenovo 20. Aikin caja ke nan, ta sauko da wutar ta kuma daidaita ta. An rubuta a bayan yawancinsu cewa suna karɓar daga bolt 100 zuwa 240, don haka raunin wuta bai cika damunsu ba. Abin da ke kashe su shi ne tunkuɗowar wuta farat ɗaya, irin wadda ake samu lokacin da aka dawo da wutar NEPA ko aka tayar da janareta alhali komai na jone. Akwai kuma lamba ta biyu da mutane ba su cika dubawa ba, wato wat. Cajar wat 45 za ta iya kunna kwamfutar da aka ƙera don wat 90, amma duk abin da take bayarwa a aikin kwamfutar yake ƙarewa, babu ragowar da zai shiga batir, wani lokaci ma cajin raguwa zai riƙa yi ana cikin aiki. Sai kuma wayar kanta. A duba daidai inda ta fito daga jikin caja, da kuma gindin bakin da ake jonawa, wuraren da ake lanƙwasawa kullum idan za a cusa ta a jaka. Sau da yawa za a tarar robar ta tsage an naɗe ta da baƙin salatif, zaren tagullar ciki kuma sun tsintsinke saura 'yan kaɗan. Idan fitilar caji tana kawowa tana ɗaukewa duk lokacin da aka motsa wayar, to batir ba shi da laifi.

Akwai wani abu a cajojin Dell da HP masu zagayayyen baki da ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya sa an zubar da lafiyayyun batura ba iyaka. Idan aka leƙa cikin bakin, za a ga wani siririn tsinke a tsakiya kamar allura. Ba shi ne ke ɗauko wutar da ke tafiyar da kwamfuta ba. Ta hanyarsa ne caja ke sanar da kwamfuta ko ita wace ce da yawan wat ɗinta. Idan tsinken ya lanƙwashe ko ya karye, ko kuma caja jabu ce da ba ta iya ba da wannan bayani, kwamfutar za ta kunnu, amma tana iya ƙin cajin batir, ta kuma rage saurinta don kare kanta. Kwamfutocin Dell ma sukan nuna gargaɗi lokacin kunnawa cewa ba su gane cajar ba, sai dai mutane su danna su wuce ba tare da sun karanta ba. A shafin saitin farko na kwamfutar, wanda ake shiga kafin Windows ta buɗe, ana iya ganin ko ta gane cajar. Wanda ya sayi sabon batir a wannan hali zai koma gida da matsalarsa yadda take.

Sababbin laftof masu ramin USB-C sun zo da nasu ruɗanin. Bakin iri ɗaya ne da na cajar wayar hannu, shi ya sa ake ɗauka kowace caja za ta yi. A wannan tsari caja da kwamfuta sai sun daidaita tsakaninsu kan ƙarfin wutar da za a bayar, ko bolt 5, ko 9, ko 15, ko 20, kuma cajar waya da ba ta kai 20 ba yawanci ba za ta wadatar da laftof ba. Ita ma igiyar tana da iyaka: wadda ba ta da ɗan guntun na'urar shaida a cikinta ba ta wuce wat 60. Haka kuma ba kowane ramin USB-C ne a jikin laftof ke karɓar caji ba, wani na tura bayanai ne kawai.

Wani lokacin kuma babu abin da ya lalace, kwamfutar ce ta ƙi caji da gangan. Batirin litiyom ya fi daɗewa idan ba a bar shi cike taf kullum ba, don haka Lenovo da ASUS da Apple da wasu kamfanoni suka sa wani saiti da ke tsayar da caji a wajen kashi 60 ko 80 cikin ɗari. Wanda ya sayi kwamfuta ta hannu zai iya gadar wannan saitin daga mai ita na farko bai sani ba. Zafi ma haka yake. Ana cajin irin wannan batir ne a tsakanin digiri 0 zuwa kimanin 45, kuma akwai ma'aunin zafi a cikinsa da ke dakatar da caji idan an wuce iyaka. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, laftof da aka ɗora a kan katifa, ramukan shan iskarta a toshe, fankarta cike da ƙurar hunturu, ba ta buƙatar dogon aiki kafin ta kai wannan iyaka. A kashe ta, a bar ta ta huce a kan tebur, sannan a sake jonawa. Idan abin ya ci tura, a cire caja, a danne maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa 30, domin ƙaramar na'urar da ke kula da caji takan rikice, wannan kuma yakan dawo da ita hayyacinta.

Mai karatu zai iya cewa yawancin laftof da ke hannun ɗalibai da ma'aikata a ƙasar nan tokumbo ne, sun yi shekaru a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso kasuwa, don haka zargin batir ba zalunci ba ne. Akwai gaskiya a nan. Batirin litiyom yana tsufa, da yawa sukan fara rauni bayan cikawa da ƙarewa sau 300 zuwa 500, ko da yake Apple na cewa na MacBook na zamani an yi su ne don sau 1000. Amma tsufa yana da tasa alamar. Tsohon batir yana ɗaukar caji, har ma yakan cika da wuri, sai dai ba ya riƙewa, minti 20 ya ƙare. Ƙin ɗaukar caji gaba ɗaya wata cuta ce daban. Kuma ba sai an yi hasashe ba, domin Windows na da amsar a cikinta. Idan aka rubuta powercfg /batteryreport a tagar umarni, za ta fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da batirin ya zo da shi daga masana'anta da wanda ya rage masa yanzu. Idan na biyun ya faɗo ƙasa da rabin na farkon, batir ya gaji. Idan suna kusa da juna, a nemi matsalar a wani wuri. Akwai halaye biyu da batir ke da laifi kai tsaye. Na farko, idan an ajiye kwamfuta watanni babu caji ko kaɗan har ƙarfin ƙwayoyinsa ya faɗi ƙasa sosai, na'urar tsaronsa takan kulle shi. Na biyu shi ne kumburi, wanda ake ganewa idan wurin shafa yatsa ya turo sama ko gindin kwamfutar ya fara buɗewa. Wannan ba abin jinkiri ba ne, a daina jonawa, kada a danna shi ko a huda shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Wani kuma zai ce shi ba injiniya ba ne, kuma cajar asali ta yi tsada. Gwajin da ya fi kowanne amfani ba ya buƙatar ilimin lantarki ko sisin kwabo: a sauya soket, a cire doguwar wayar jone-jone a jona kai tsaye a bango, sannan a ari cajar wani mai kwamfuta irin wannan, wadda bolt ɗinta ya yi daidai, wat ɗinta kuma bai gaza ba. Idan ta yi caji, magana ta ƙare. Game da tsada, caja mai arha da ba ta da kariya tana iya tura wa allon ciki wutar da za ta ƙona sashen caji, gyaran da ya ninka kuɗin caja mai kyau. Idan kuwa an kai ga zuwa wurin mai gyara, ko a Farm Centre ta Kano ko a Banex ta Abuja, mai kwamfuta yana da haƙƙin ya nemi a ɗora mita a bakin caja a gabansa, a duba ko ramin caji ya saki daga allon, a kuma gwada sabon batirin a ga yana ɗaukar caji kafin ya biya. Idan sashen caji na allon ne ya ƙone, sabon batirin ma zai yi aiki ne da ɗan cajin da ya zo da shi, ya ƙare, ya tsaya.