Sojan Ruwa na Ko-ta-kwana da Makaɗansu a Winifeg

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Kanada ta zaftare kuɗin sojan ruwa har rundunar ta kusa mutuwa. Shugabanta, Walter Hose, ya lura cewa jama'a ba sa kare abin da ba su taɓa gani ba. Saboda haka a 1923 aka kafa ƙananan rundunonin sa-kai a birane, har da Winifeg wadda ke nesa da teku. A 1941 aka raɗa wa ta Winifeg suna Chippawa, ta kuma horar da dubban matasa domin Yaƙi na Biyu.

To, rundunar da jiragenta ke nesa, da fareti da kiɗa take bayyana kanta. A can kuwa busar da ta fi tsima jama'a ita ce algaitar Sukotlan, domin mutanen Sukotlan sun zauna yankin tun 1812. Mabushin algaitarmu a kumatunsa yake tara iska. Nasu kuwa a jakar fata, yana matsa ta da hannu, don haka sautin ba ya yankewa. Har yanzu, ranar Lahadin farko ta watan Mayu, sojan ruwan Kanada kan fito fareti domin tunawa da waɗanda Tekun Atalantika ya ci.