Gasar Ƙwallon Gora Ta Ƙarshen Kaka: Darasi Daga Kwalejojin Amurka

Duk wanda ya bi ta Unguwar Dosa da la'asar sakaliya, musamman a kwanakin hunturu, zai tarar da samari a kowane ɗan fili suna ta fama da ƙwallon ƙafa, ƙura ta turnuƙe, ba mai jin kiran wani. Abin da ba kasafai zai gani ba shi ne yaro riƙe da sanda mai lanƙwasa yana korar ƙwallo a ƙasa. Alhali kuwa ƙwallon gora ba baƙo ba ne a wurinmu. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun buga ƙodagon goruba da karkatacciyar sanda tun kafin a sa su makaranta, da suka shiga kwaleji kuma suka tarar an shata wa wasan fili, an kafa raga, an ba shi alƙali da usur.

To, me ya sa wasan ya ja da baya a makarantunmu? Galibi akan ce rashin kuɗi da rashin kayan wasa. Wannan gaskiya ne, amma ni a ganina akwai abin da ya fi shi, kuma don mu gane shi sai mu leƙa wata ƙasa inda 'yan makaranta ke yin irin wannan wasa, sai dai su a kan ƙanƙara.

A arewacin Amurka da ƙasar Kanada, inda sanyi kan daskarar da tafki har mutum ya taka, ana buga ƙwallon gora a kan daskararren ruwa. Kowane ɗan wasa yana sanye da takalmi mai ƙarfe a ƙarƙashinsa kamar kaifin wuƙa, da shi yake sulɓi. Mutum shida ne a kowane gefe har da mai tsaron gida, ba goma sha ɗaya irin namu ba. Maimakon ƙwallo kuma wani ɗan faifan roba ne baƙi mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1. Ana yin wasan zubi uku, kowane zubi minti 20. Yanzu a cikin ɗakuna ake yinsa, injuna ke daskarar da ruwan.

Jami'o'i da kwalejoji fiye da 60 ne ke cikin sahun farko na wannan wasa a Amurka, kuma galibinsu sun kasu cikin rukuni shida. Kowane rukuni yana da jadawalinsa, daga watan Oktoba har zuwa farkon Maris, yau ka je gidan wani gobe ya zo gidanka. Idan an gama wannan sai a ajiye lissafin maki, a shiga gasar ƙarshen kaka, watau ta sili-ɗaya-ƙwale. Makarantar da ta ɗauki kofin rukuninta ta sami kujera ke nan kai tsaye a gasar ƙasa baki ɗaya, wadda aka fara a shekarar 1948, wadda kuma tun 2003 makarantu 16 ke shigarta. Kujeru shida na zakarun rukuni ne, sauran goma a raba su bisa ƙoƙarin da aka yi a shekara.

Hikimar tana nan. Makarantar da ta sha kashi tun daga Oktoba ba ta yanke ƙauna, domin ta san akwai wata ƙofa a watan Maris. A shekarar 2007 Jami'ar Alabama da ke Huntsville ita ce ta ƙarshe a rukuninta mai makarantu biyar. Da aka zo gasar ƙarshen kaka sai ta bi abokan karawarta ɗaya bayan ɗaya ta kayar, ta ɗauki kofi, ta tafi gasar ƙasa. A can aka haɗa ta da Jami'ar Notre Dame, ɗaya daga cikin manyan wannan shekara, kuma sai da aka shiga ƙarin lokaci na biyu kafin a fitar da ita da ci 3 da 2. Jihar Alabama fa a kudu take, inda ƙanƙara ba ta cika sauka ba.

Ƙarshen labarin wannan jami'a ya fi farkonsa amfani a gare mu. A shekarar 2021 rukunin da take ciki ya watse, ta nemi wani ya karɓe ta ba ta samu ba, sai ta dakatar da wasan ɗungurungum. Sanduna na nan, ɗakin ƙanƙara na nan a garin, amma babu abokan karawa na dindindin, babu kofin da za a yi wa tanadi.

Su kansu 'yan wasan, ƙarshen kaka ne ke fito da abin da ke cikinsu. A irin wannan gasa ba a tashi kunnen doki. Ana ta ƙara minti 20 har sai wani ya jefa ƙwallo a raga. A watan Maris na 2015, a zagayen farko na gasar rukunin Hockey East, Jami'ar Massachusetts da ta Notre Dame suka shafe minti 151 da daƙiƙa 42 suna gwabzawa, sai a ƙarin lokaci na biyar Massachusetts ta ci 4 da 3. Abin dariya, da yake karo uku aka tsara, Notre Dame ta dawo ta cinye sauran biyun ta wuce. Wahalar daren farko ta tafi a banza, in ban da sunan da ta bar musu a tarihi.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan ya yi mana nisa ƙwarai. Rumun Ndur, wanda aka haifa a Zariya a shekarar 1975 ya girma a Kanada, shi ne haifaffen Nijeriya na farko da ya buga a babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada. Kyle Okposo kuwa, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, yana cikin 'yan wasan Jami'ar Minnesota da suka ci kofin rukuninsu a 2007, kuma a 2024 ya ɗaga babban kofin ƙwararru tare da ƙungiyar Florida.

Mu dawo gida. Kaduna ba ta rasa tarihin wasanni ba. Ita ta karɓi baƙuncin Bikin Wasanni na Ƙasa a 1977, ta sake karɓa a 2009. Tana da ƙungiyoyin ƙwallon gora, Kada Stars ta maza da Kada Queens ta mata, kuma 'yan wasan Nijeriya maza sun zo na uku a gasar Afirka da aka yi a Akara a 2022. Amma a matakin makarantu mun fi ba da ƙarfi ga babban biki, irin wanda ake tara dubban ɗalibai a gari ɗaya na kwana goma, a yi jawabai, a watse. Gasar jami'o'in Nijeriya, wadda aka fara a Ibadan a 1966, an yi ta a Makurɗi a 2017, ba a sake yi ba sai a Legas a 2022. Ɗalibin da ya shiga jami'a tsakanin waɗannan shekaru yana iya gama karatunsa na shekara huɗu bai taɓa ganinta ba. Wane saurayi ne zai riƙa fita motsa jiki da asuba saboda gasar da bai san ranarta ba?

Za a ce ai tun daga wasannin Olamfik na 1976 a Montreal manyan gasanni sun koma kan shimfiɗar roba mai tsada, wadda makarantunmu ba za su iya saye ba. Haka ne. Sai dai yaro ɗan aji biyu ba shimfiɗar roba yake bukata ba tukuna. Fili mai laushi da aka share tsakuwarsa ya ishe shi koyon riƙon sanda da miƙa ƙwallo, kamar yadda ya ishi na gabansa.

Misalin da ya fi dacewa da mu yana birnin Boston. Makarantu huɗu na birnin, watau Harvard da Northeastern da Jami'ar Boston da Kwalejin Boston, tun 1952 suke karawa a wata 'yar gasa da suke kira Beanpot, ma'ana tukunyar wake, don kofin nasu siffar tukunya gare shi. Litinin biyu na farkon Fabrairu ake yinta, kowa a garin ya san haka, tsofaffin ɗalibai kuma sukan cika ɗakin maƙil. Ba mai kwana a hanya, ba kuɗin masauki.

A nan Kaduna muna da Kwalejin Tunawa da Sardauna a Unguwar Dosa, da Kwalejin Rimi, da Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Malali, da Kwalejin Gwamnati ta Kurmin Mashi, dukansu a arewacin kogi, tafiyar mota ta 'yan mintoci. A sama da su akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da Jami'ar Jihar Kaduna, da Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Rukuni biyu ke nan a shirye, ɗaya na sakandare ɗaya na manyan makarantu. Aikin da ya rage na ma'aikata ne, irin waɗanda ke zaune a ofisoshin Ma'aikatar Ilmi da ta Wasanni: a rubuta ranakun a cikin jadawalin zangon karatu yadda ake rubuta ranar jarrabawa, a sayi kofi ɗaya a zana sunan wanda ya ci kowace shekara a jikinsa, a kuma yarda cewa zakaran birni shi zai wakilci shiyya ba tare da an zauna zaɓen 'yan wasa a ofis ba. Makarantu huɗu, kowace ta kara da 'yar'uwarta gida da waje, wasa 12 ke nan, a ƙara da uku na ƙarshen kaka. Idan aka fara bayan ɗaukewar damina, ana yin biyu kowace Asabar, za a miƙa kofi kafin zafin Maris ya kankama.