Tallafin Masara a Amurka da Yadda Yake Juya Farashin Duniya

Idan ka ji a rediyo cewa farashin masara ya tashi ko ya faɗi a kasuwar duniya, akasari labarin daga Amurka ya samo tushe, domin ita ce ƙasar da ta fi kowace noma masara, kuma ta daɗe a sahun gaba wajen sayar da ita waje. Sai dai ba damina da ciniki kaɗai ke yanke farashin can ba. Akwai hannun gwamnati a ciki ta hanyoyi biyu, ɗaya tana danne farashi, ɗaya tana ɗaga shi.

Hanya ta farko ita ce tallafin noma, wanda aka fara tun shekarun 1930. A yau gwamnati na biya wa manomi kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗin inshorar amfanin gona, kuma tana cika masa gibi idan farashi ya sauka ƙasa da wani mizani. Manomin da ke da wannan madogara ba ya rage shuka don kasuwa ta faɗi, rarar kuwa sai a tura ta waje da araha. Ƙananan manoman Meziko sun ɗanɗana kuɗarsu bayan yarjejeniyar NAFTA ta 1994, lokacin da masarar Amurka ta malalo kasuwanninsu. A taron Nairobi na 2015, Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta amince a daina ba da tallafi kan fitar da amfanin gona waje, amma hukuncin bai soke tallafin cikin gida ba.

Hanya ta biyu ita ce man etanol, wanda ake tatsa daga masara a gauraya da fetur. Buhu mai kilo 100 yana ba da kimanin lita 40, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyin masarar yana dawowa a matsayin dusar dabbobi mai gina jiki. Masu sukar wannan sana'a kan manta da dusar nan a lissafinsu, alhali ba ƙaramin abu ba ce.

Tun 1978 aka fara yi wa irin wannan mai rangwamen haraji. Daga baya rangwamen ya zama santi 51 a kan kowane galan, aka rage shi zuwa 45 a 2009, aka kuma ɗora harajin santi 54 a kan etanol na waje, abin da ya tare wa na Brazil hanya, ko da yake nasu na rake ya fi arhar sarrafawa. Duka biyun sun ƙare a ƙarshen 2011. To amma kada ka ɗauka tallafin ya ƙare ke nan. Dokar 2005, wadda aka faɗaɗa a 2007, ta wajabta wa kamfanonin mai su gauraya wani adadi na etanol kowace shekara, rabon na masara har ya kai galan biliyan 15. Wato gwamnati ta daina fitar da kuɗi daga baitulmali, ta samar wa masara mai saye na dole. Yanzu fiye da kashi ɗaya bisa uku na masarar ƙasar can take tafiya.

Dubi abin da ya biyo baya. A 2005 buhun kilo 100 yana wajen dala 8 a can. A tsakiyar 2008 ya haura dala 27, a farin 2012 kuma ya wuce 30. Ba etanol kaɗai ya jawo haka ba, akwai tsadar ɗanyen mai da ƙarancin ruwa, amma shi ne ya ɗaure farashin masara da na fetur. Mutanen Meziko da araha ta cutar da manomansu, su ne kuma suka fito zanga-zanga a farkon 2007 saboda tsadar wainar masarar da suke ci kullum. Masu kiwon kaji da aladu a Amurka su ma sun koka. A ganina wanda ya fi cin riba shi ne mai filin gona, domin a jihohi irin su Iowa kuɗin fili da na haya sun bi farashin masara sama, mai noman haya kuwa ya miƙa wa mai fili kaso mai tsoka na ribarsa.

Wannan hawa da sauka yana iso mu ne ta ƙofar shigo da hatsi. Masu haɗa abincin kaji suna kwatanta farashin Dawanau da Saminaka da na masarar waje, kuma duk lokacin da aka sassauta haraji, kamar yadda aka sanar a Yulin 2024 na kwana 150 a kan masara da wasu kayan abinci, buhunka yana gogayya ne da na manomin da aka biya wa inshora. Saboda haka malamin gona ya taimaka wa manomi ya lissafa kuɗin da ya kashe a kan kowane buhu, tun daga iri da taki har zuwa ɗauko kaya, kafin ya yanke shawarar sayarwa da kaka ko ajiyewa zuwa bazara.