Gyaran Haƙora: Aiki Ne Daki-Daki

Darasinmu na yau a kan haƙora ne.

Ya kai mai karatu, taɓa bakinka da harshe. Haƙori nawa ya rage maka? Baligi yana da haƙora 32, 16 sama, 16 ƙasa. Na gaba suna yanka. Fiƙa tana yaga. Turame na baya su ne ke niƙa abinci.

Haƙora kamar tubalan katanga suke, kowane yana tokare da ɗan'uwansa. In turmi ɗaya ya fita, na kusa da shi sai su karkata wajen giɓin. Wanda ke fuskantarsa kuma ya dinga zarowa, don ba abin da ya tare shi. A hankali sama da ƙasa su daina haɗuwa daidai. Mutum ya koma tauna da gefe guda, muƙamuƙi ya yi ta ciwo. Daga nan sai ya bar nama da ƙuli-ƙuli, ya koma kunu da fura kaɗai. Jiki ya rame, ƙarfin noma ya ragu.

To, irin wannan baki yana gyaruwa. Amma magini ba ya yin yaɓe sai tushe ya tsaya. Haka likitan haƙori yake bin aikin daki-daki.

Na farko, zai duba bakin duka, wani lokaci ya ɗauki hoto don ya ga saiwa da ƙashi.

Na biyu, zai kashe cuta. Ya kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, ya yi maganin dasashi. Haƙorin da ba ya ceto, ya yi allurar kashe zafi ya cire shi.

Na uku, zai cike waɗanda suka yi kogo. Ba tsutsa ke cin haƙori ba. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fid da tsami mai cinye haƙori. Wanda ya karye kuwa ana iya sa masa hula.

Na huɗu, zai toshe giɓi. Akwai haƙoran roba da ake sawa a cire. Akwai waɗanda ake ɗaurawa a jikin na kusa, kamar gada. Akwai kuma dashe: a kafa ƙaramin ƙarfe cikin ƙashi, a jira watanni ya kama, sannan a ɗora haƙori. An fara yi wa mutum wannan a ƙasar Suwidin a 1965. Shi ne mafi tsada. Haƙoran roba sun fi sauƙin kuɗi.

Na ƙarshe, zai gwada cizo, ya daidaita har sama da ƙasa su zauna lafiya. Aikin yana ɗaukar makonni ko watanni. Wanda ya daina zuwa don zafi ya lafa, ya bar gini ba rufi.

Yanzu ga magana mai nauyi, iyaye ku saurara. Akwai cutar da likitoci ke kira noma. Ta fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6, masu fama da tamowa, ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Tana farawa daga dasashi: jini, gyambo, da wari. Sai kumatu ya kumbura. Cikin kwanaki kaɗan ta huda fuska, ta zub da haƙora. In ba a yi magani ba, yara 9 cikin 10 suna iya mutuwa. Wanda ya tsira, sau da yawa tabo yakan ɗaure masa muƙamuƙi, bakin ya ƙi buɗuwa. Gyaransa sai tiyata, da motsa muƙamuƙi kullum har tsawon watanni.

A nan Damagaram, ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis ta fara kula da irin waɗannan yara tun 1992. A Sakkwato ma an buɗe musu asibiti a 1999. A watan Disamba na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. In an kai yaro da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsai da ita.

Saboda haka, ka riƙe abu uku. Goge baki safe da dare, da asuwaki ko buroshi. Rage sukari a shayi, rage wa yara alewa. Buɗe bakin ɗanka ka duba a kai a kai. In ka ga jini da wari, kai shi gidan likita a ranar, kada a kwana. In kuma naka haƙoran ne suka lalace, je gidan likita mafi kusa, su tura ka babban asibitin Damagaram in da bukata.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karanta wannan, ka karanta wa maƙwabcinka. Allah ya ba mu lafiya, amin.