Ko Kun Sani? Nauyin Harsashi Daidai da Girman Dabba

Maharbin Ikara, Makarfi ko Kudan da ke fita da bindigar adaka shi ke auna wa kansa nauyin harsashi. Ta baki yake ɗura albarushi, ya danna tsumma da sandar ɗuri, sannan ya zuba ƙananan ƙwayoyin dalma in zabo ko zomo ya nufa. Dabba mai kaurin fata kuwa sai dunƙule guda mai nauyi, domin shi ke ratsa fata da ƙashi.

Giwa ta fi ƙarfin wannan ma. Shi ya sa maharban Hausa na da suke cusa sango, ɗan mashi mai dafi, a bakin bindiga su harba, su bi sawu har ta faɗi.

A bindigogin zamani ma haka abin yake. Bindigar .375 da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912 tana jefa harsashi mai kusan giram 19, ninki bakwai na ƙaramin harsashin .22. Harsashin da bai kai ba raunata dabba kawai yake yi ta tafi tana wahala, ga kuma haɗari, don ɓauna mai rauni kan juyo kan maharbi. Yau dai doka ta hana harbin giwayen gandun dajin Yankari.